Ɗan Gwaggona Ya Hau Akwatin Bas

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina kallon ƙeyar mutum guda. Shi yana gaba riƙe da mikiro, abin maganar nan, ni ina baya tsakanin faifai biyu masu juyawa, ina zaɓen abin da jama'a za su ji. A wannan harka irinsa ake ce wa MC, irina kuma silekta. Ranakun aiki ni mai gyaran wayoyin kuran ne, wato lantarki, a dogayen gidajen Paris, shi kuma malamin lissafi a wata lakwal, makarantar bayan gari, amma daga Juma'a zuwa Lahadi ƙeyar nan ce gabana. Na san ta lokacin da suma ta rufe ta har kafaɗa, na san ta da furfura ta fara leƙowa, na san ta yanzu da ta koma tal kamar bayan ƙwarya.

Ɗan gwaggona ne, ya girme ni da shekara huɗu. Taubasai ke nan, don haka tun muna Damagaram ba mu taɓa gaisawa ba sai da zagi a ciki. Ina ce masa ɗan gwaggo, yana ce mini ɗan kawu, sauran sunayen da muke kiran juna kuwa ba su rubutuwa. Kowannenmu yana da'awar ɗayan bawansa ne, har yau ba a raba wannan gardama ba.

Shi ya riga ni zuwa Faransa. Karatu ya kai shi Lyon, ya sami ɗaki a gefen garin, a unguwar Vaulx-en-Velin, can hawa na tara. Maƙwabtansa wasu 'yan tsibiran Antiy ne, sun harhaɗa manyan akwatunan sauti da hannunsu a cikin gareji, duk Lahadi da rana su fito da su bakin fili su saki kiɗan rege. Wata Lahadi mai riƙe musu mikiro bai zo ba. Ɗan gwaggo yana tsaye da buhun dankali a hannu, daga cefane ya fito, sai ya ajiye buhun ya miƙa hannu. Abin da ya taso yana ji a filin kokawa shi ya zo masa baki, wato kirari, ya ɗora shi bisa kiɗan. Ko kalma ɗaya babu wanda ya gane a wurin, amma babu wanda ya koma ya zauna. Ya ce har ya hau ɗaki bai tuna da dankalin ba.

Da labari ya kai gida, gwaggo ta ce an tura yaro ya zama injiniya ya ɓuge da roƙo. Ya aika mata kaset. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce wa mahaifina, ƙanenta: "Muryar ubansa ce sak. Ka ce masa dai ya riƙe salla." Ya riƙe kuwa. Shekara talatin muna cikin wuraren da ake shaye-shaye, abin shanmu bai wuce lemun citta da matarsa take cika mana gora da shi ba.

Bayan shekara uku na iso Paris, shi ma ya dawo nan, na kama ɗaki a unguwar Goutte d'Or. Da yake hannuna ya san waya da kuran, ni na gaji gyaran kayan sauti, daga nan na faɗa zaɓen faifai ba tare da na shirya ba.

Bari in faɗi abin da nake alfahari da shi, don ba zan ɓoye ba, ina alfahari da mutumin nan ƙwarai. Rege kiɗa ne mai tafiya a natse. Bayansa danshol ya zo, mai zafi, mai son harshe mai sauri, da yawa cikin tsofaffin 'yan rege suka ce wannan lalacewa ce, suka ja baya. Ɗan gwaggo ya shiga ya zauna daram. Sai kuma wani kiɗa ya ƙetaro daga Landan, ana ce masa jangul, gangunansa kamar ƙanƙara a kan rufin kwano. Ranar da na fara sa shi a ɗakina, ni kaina na ce wannan ai hauka ne, wa zai yi magana a kan wannan? Ya zauna a ƙasa ya jingina da akwati, ya sa na maimaita faifan har sau biyar. Sai ya ce:

"Ɗan kawu, kai da ma kanka bai taɓa ɗaukar lissafi ba. Ka rabu da gangunan, ka saurari ƙasa. Bas ɗin nan tafiyar rege yake yi. Ganga ta yi taku biyu, shi ya yi ɗaya. Raba biyu kawai."

Bas shi ne amon nan mai kauri wanda ba kunne kaɗai ke jin sa ba, har ƙirji yana amsawa. Na saurara, wallahi haka ne. Daga ranar ya iya abin da ban ga wani ya iya kamarsa ba: ya hau bas ya yi tafiyarsa ta dattijo, can kuma ya daka tsalle ya kama gangunan yana zuba magana har ka rasa inda yake numfashi, sannan ya dawo ya sauka inda ya baro, Hausa da Faransanci suna bin juna. Tsofaffin 'yan rege da yaran jangul ba su shiga zaure ɗaya a lokacin, kowa yana raina kowa. Saboda shi suka fara haɗuwa, na ga wannan da idona daga bayan faifai.

Muna da ƙa'ida ta aiki. Idan ya hau dandali ba ya waiwaye, ko gobara ta tashi a bayansa. Da hannun hagu yake mini magana, ya maido shi baya wajen ƙugu. Ya dunƙule, in yanke bas. Ya buɗe, in sake shi. Idan kuma ya juya ɗan yatsa, to a ja faifai baya. Wannan jan faifai shi ne babban girman da ake yi wa mutum a sana'armu. Idan abu ya kai wa jama'a karo, sai su ɗaga hannu su ɓarke da ihu suna neman a maido shi daga farko. Silekta ya dafe faifan ya murza shi baya, ya yi wani irin kuka, wuri ya yi tsit, sannan a sake ɗora allura daga farko.

A wasu wuraren silekta ke yanke wannan hukunci. A wurinmu shi kaɗai ke da izini, kuma ni na jawo. Muna sababbin farawa, na ji mutum biyu ko uku sun yi ihu, kaina ya kumbura, na ja faifai yana tsakiyar baiti. Ya tsaya baki buɗe yana rera magana a kan iska, mutane suka kwashe da dariya. Sati biyu ina zaginsa ba ya ramawa, wanda a tsakanin taubasai ya fi mari zafi. Da ya huce ya ce mini: "Ni ke jin jama'a. Kai riƙe allurarka." Na rantse masa ba zan ƙara ba, kuma shekara talatin ban ƙara ba.

To, ta wannan rashin ramawa na gano abin da yake ɓoyewa. Wata Asabar da hantsi muna kasuwar Château Rouge, matarsa ta aike mu sayen kuka da busasshen kifi. Ya sa wata sabuwar hula mai faɗi, ina tafe ta hagunsa, na ce masa murfin tukunyar wa ya sato. Shiru. Na ce ko da yake kai irin nasa dole a rufe shi kada ƙudaje su zame. Shiru, yana ta kallon kayan miya. Na ce ko dai ya yi fushi ne? Sai na zagaya ta damansa na faɗi rabin abin da na faɗa, a hankali ma. Kafin in rufe baki ya ce bawa ba ya tanka hular ubangijinsa. Na koma hagu na sake gwadawa, na sake, har sau uku. Muka sayi kifin muka shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Ban tambaye shi ba. Ta ina zan fara? Mutum ya girme ka, duk darajarsa a kunnensa take, ka dube shi ka ce ka kurumce? Sai na yi abin da ya fi tambayar muni, na fara jin tausayinsa. Idan za mu wasa, in bar faifan jangul a gida, in ce jaka ta yi nauyi, bayana yana ciwo. In zaɓo masa rege mai sanyi wanda ko barci yake yi ba zai faɗi a kansa ba. Kusan shekara guda ina wannan munafunci, ina ganin kaina mai kirki.

Akwai wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa a Goutte d'Or inda muke gwaji ranar Lahadi bayan azahar. Ran nan ya zo ya buɗe jakata da kansa, abin da bai taɓa yi ba, yana ɗaga faifan ɗaya bayan ɗaya.

"Ina mai jan tambari?"

Faifan jangul ne da aka fi sanin sa da shi, a kansa yake kirarin da ya fara yi a Lyon. Na ce na manta shi.

"Shekara guda kana mantuwa? Ɗan kawu, dube ni. Tun yaushe ka sani?"

Na ce tun ranar hula. Ya yi tsaki, irin tsakin gwaggo.

"Shi ne ka mai da ni majinyaci, kana dama mini kunu. Wa ya ce maka haƙorana sun zube? Je ka ɗauko shi."

Gidana ba nisa, na haura na ɗauko. Ina dawowa na tarar ya cire takalmi da safa, ya hau wani katako da akwatin bas ke bisa. Ya ce in sa. Na sa. Ya toshe kunnuwansa biyu da yatsu, ya rufe ido, ya fara. Ba mikiro, ba komai. Ya hau bas, ya yi tsalle ya kama ganguna, ya dawo, ko taku ɗaya bai kuskure ba.

Da faifan ya ƙare ya sauko yana haki.

"Shekara biyu ke nan da ƙafa nake aiki. Ka ga na daina sa takalmi mai kauri, ka ga kullum ina raɓe da akwati, kana bayana ba ka lura ba. Silektan banza. Gangunan na daina jin su, sai dai in lissafa. Amma bas yana zuwa ta katako ya hau ƙafata, in na same shi na sami sauran."

A nan ya gaya mini sauran maganar. Likita ya ce kunnen hagu ya tafi ba dawowa, na dama ma ya kama hanya, idan ya ci gaba da tsayawa kusa da akwatuna zai wayi gari ba ya jin 'ya'yansa. Matarsa ta yi kuka, ta yi faɗa, a ƙarshe suka daidaita. Wata ƙungiyar unguwa a Vaulx-en-Velin ta gayyace shi bikin da suke yi da rana lokacin zafi, a filin da ya fara riƙe mikiro. Zai yi wannan, shi ne na ƙarshe, kuma da sharaɗin zai toshe kunnen dama da abin da likita ya ba shi. Wato zai hau dandali ba ya jin komai.

"Abu ɗaya nake so," in ji shi. "In gama da mai jan tambari, a tsaye, ban faɗi daga kan kiɗa ba. Kuma kada kowa ya sani. Ba na son a tafa mini don tausayi. In ka kuskura ka rufa mini asiri ta hanyar da ban sa ka ba, ni da kai har abada."

Na ce na ji.

Ranar muka shiga jirgin ƙasa da safe mu biyu, matarsa ta ce zuciyarta ba za ta iya kallo ba. Muka sauka Lyon, muka ɗauki metiro, muka ƙarasa da motar bis. Tun daga nesa yake nuna mini tagar ɗakinsa na da. Muna isa filin na dubi dandalin. Ba na katako ba ne. Dakali ne na siminti, tsayinsa bai wuce gwiwa ba. An rataye ƙananan akwatuna a kan ƙarafa, manyan na bas kuma an jere su can gefe, dama da hagu, nesa da inda zai tsaya. Siminti ba ya kai saƙo. Ya cire takalmi ɗaya ya taka yayin da ake gwada sauti, ya dube ni, ya girgiza kai. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar.

Mai kula da sautin wata Bafaransa ce, mai kaifin ido, ta san aikinta sarai. Na ce mata ina so a ɗauko akwatin bas guda a kwantar da shi a tsakiyar dandali, ɗan gwaggo a kansa zai tsaya. Ta dube ni kamar na ce a kawo raƙumi. Ta ce mikiro zai yi ta kuwwa, kuma akwati ba kujera ba ne. Na ce kuwwar ni zan san yadda zan yi da ita, sana'ata ce. Ta ce to, amma don me? Gaskiyar tana bakina, kuma an hana ni faɗi. Sai na gyara tsayuwa na ce mata al'adarmu ce. A ƙasarmu, na ce, babban mawaƙi idan zai yi wasansa na ban kwana, a kan ganga yake tsayawa ba takalmi, in ba haka ba an wulaƙanta kakanninsa.

Allah ya yafe mini. Babu wannan al'ada ko a Damagaram ko a wani gari, wa zai bari a hau masa ganga? Amma tana jin an ambaci kakanni ta sauke murya, ta ce ta ba ni haƙuri, ba ta sani ba. Da kanta ta kira mutum biyu suka turo akwatin. Sa'ar da na ci, ɗan gwaggo yana tsaye da kunnen hagu ta wajenmu. Da ya ji ƙaryar nan, da na sha ta har in mutu.

Muka yi la'asar a inuwar wata mota, rana tana nan da sauranta. Ya kurɓi lemun citta, ya ciro abin toshe kunnen ya cusa a dama, ya ce mini da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa: "Bismillah." Ya ajiye takalminsa kusa da jakata ya hau.

Fili ya cika. Ga tsofaffin abokansa na gareji, suma ta yi fari, wasu da jikoki a wuya. Ga waɗanda suka yi tashen jangul, yanzu sun yi tumbi suna tura keken jarirai. Ga matasa da ba a haife su ba lokacin da ya fara. Can gefe ɗaya kuma wasu ɗalibai 'yan Nijar da 'yan arewacin Najeriya, sun ji an ce wani Badamagare zai yi wasa, sun zo su gani ko gaskiya ne.

Na fara da rege. Ina ganin yatsun ƙafarsa suna kama katakon akwatin, sai kafaɗarsa ta sauka, na san ya samu. Hannu ya dawo baya, dunƙule, buɗe, dunƙule, buɗe, ina bi. Muka haura danshol, fili ya fara motsi. Yana kallon jikin mutane yana karanta su, yana gaishe da tsofaffi, yana tsokanar matasa, babu wanda zai ce mutumin nan ba ya jin ko tari. Ni kuwa rigata ta jiƙe sharkaf.

Sai ya ce da su, yanzu za a ga wanda ya tsufa. Na ɗora mai jan tambari.

A kan wannan faifai dole ya rufe ido, don duk hankalinsa ya koma ƙafa, yana ƙirga gangunan da ba ya ji. Ya shiga a natse, ya bi bas, ya bi bas, sannan ya tashi. Jama'a, ban taɓa jin ya yi kirarin nan kamar na ranar ba. Kafin ya kai rabi fili ya ɓarke. Hannuwa sama, ihu, fito, tsofaffi suna buga sanda a ƙasa, kowa yana neman a ja faifai. Na kafa ido a kan hannunsa na hagu. Yana nan a baya, a buɗe, ɗan yatsa bai motsa ba. Ihu ya ƙaru. Bai motsa ba. Ido a rufe, kunne a toshe, bai san abin da ke faruwa a gabansa ba.

Na fara ganin mutanen gaba suna duban juna. MC ba ya ƙin amsa irin wannan kira, sai mai girman kai ko wanda wani abu ya sama. Kuma abin da ya fi ci mini rai, girma mafi girma da aka taɓa yi masa yana wucewa ta gabansa, a wasansa na ƙarshe, shi bai sani ba. Na tuna rantsuwata, na tuna har abadan da ya ce. Na ce a raina, to ya yi ta fushin, na dafe faifan na murza shi baya.

Bas ya ɗauke daga ƙarƙashin ƙafarsa. Na ga bayansa ya sandare. Na san abin da ya zo masa: ya ɗauka ya faɗi daga kan kiɗa ne, ni kuma na tsayar don in rufa masa asiri. Sai ya waiwayo. Shekara talatin bai taɓa waiwayowa a kan dandali ba, ranar na ga fuskarsa, kunya da fushi sun haɗu a ciki, idonsa ya yi ja. Ko na yi magana ba zai ji ba. Na ɗaga hannu na nuna masa bayansa.

Ya juya. Ya ga hannuwa, ya ga bakuna a buɗe, ya ga wani tsohon abokinsa ɗan Antiy yana share ido da gefen riga. Sannan ya ɗaga mikiro, ya yi magana da Faransanci, a hankali:

"Tun yaushe kuke kira? Ku yi haƙuri, ban ji ku ba. Shekara biyu ke nan ba na jin ku. Kunnuwan nan na bar su a cikin akwatuna irin wannan, kuma ban yi da-na-sani ba. Duk abin da kuka ji yau, da ƙafa na yi shi."

Fili ya yi tsit. Na ce shi ke nan, ga tausayin da yake gudu ya iso. Sai tsohon nan mai share ido ya matso, ya miƙa hannu, da yake dakalin gajere ne, ya daki gefen akwatin da tafin hannunsa. Ya sake duka. Na kusa da shi ya kama, wata mata ta ajiye jakarta ta kama, ɗaliban nan suka kutso, kafin ka ce me an kewaye akwatin ana dukansa ta kowane gefe, na baya suna dafa kafaɗar na gaba. Bafaransar nan ta buɗe baki za ta yi magana a kan kayanta, sai ta rufe. Ɗan gwaggo ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafafunsa, akwati yana rawa a ƙarƙashinsu. Na ga ƙeyar nan tana girgiza, ban sani ba dariya yake ko kuka, kuma ban taɓa tambayarsa ba.

Can hannun hagu ya dawo baya. Ɗan yatsa ya juya, sau ɗaya, kamar shi ya ba da izinin tun farko.

Na ɗauki allura, idona ya cika da ruwa ba na gani sosai. Maimakon farkon faifai sai na jefa ta tsakiya, kiɗa ya faɗo ta inda ba a shiga. Tun da nake ban taɓa wannan kuskure ba. Kunnensa bai ji ba, amma ƙafarsa ta ji. Bai ko waiwayo ba, ya sa mikiro a baki ya ce da Hausa, duk unguwar tana ji:

"Jama'a, ni dai kunnena ne ya tafi. Shi wannan bawan nawa mene ne uzurinsa?"

Ɗaliban nan suka fashe da dariya har wani ya durƙusa, sauran mutane suna ta tambayar su me ya ce. An sha zagina a duniya, amma ban taɓa jin daɗin zagi kamar wannan ba. Na share ido da hannun riga, na mai da allura inda ya kamata, ya ɗauko kirarin daga farko ya kai shi har ƙarshe, a tsaye, bai kuskure ko taku ɗaya ba.

Bai sake hawa dandali ba, ya cika wa matarsa alkawari. Yanzu yana sa ɗan abin ƙara ji a kunnen dama, yana ta mita wai yana sa muryata ta ƙara muni. Mai jan tambari yana gidansa, ya ce an ƙwace shi daga hannuna saboda laifi biyu a rana ɗaya. Duk Lahadi bayan azahar nakan je, a zubo mana lemun citta, in ja kujera ta damansa in zauna, in ɗaga murya sosai in tambaye shi lafiyar murfin tukunya. Har yanzu kafin in kai ƙarshen maganar yake ramawa.